Kwanon Kawuna da Hanyar Jirgi

Shekarun baya can, ina sabon ɗauka a aikin gyaran na'urorin filin jirgin sama, aka tura ni kula da wata 'yar tasha a tsakiyar gonaki, ba nisa da garinmu Jiga Birni. Ɗaki ne guda da eriya a kansa, manoma suna ce masa rediyon jirgi. Aikin tashar aika sigina ne. Matuƙi zai murɗa rediyonsa zuwa zangonta, sai wata allura a gabansa ta nuna masa hanyar filin ko da gajimare ya rufe ƙasa. Wata shida aka ba ni na gwaji, amma tun a makon farko na fara tafiya ina buɗa kafaɗa, ɗan mai albasa ya zama injiniya.

Ana dab da faɗuwar damina, matuƙa biyu suka kai ƙorafi hasumiyar da ke kula da sauka da tashin jirage, wai in sun biyo ta ɓangaren garin Maiyama allurar rawa take yi, tana jan su gefe. Ogana ya kira ni, ko gaisuwa babu. Ya ce jirgin awo, wato mai gwada sigina, zai zo ranar Alhamis, in ya tarar da siginar a karkace za a rufe tashar, ni kuma in manta da takardar tabbatar da ni a aiki. Ga shi kuma mahaifiyata ta riga ta gama shelanta wa dangi cewa na samu aiki.

Kwana biyu na yi a ɗakin nan ina kwance wannan, ina ɗaura wancan. Duk abin da na auna lafiya lau yake. A rana ta uku na fito alwalar azahar, sai wani ƙyalli ya dake ni a ido. Rudun kawuna ne, wato rumfunan da muke ajiye albasa, guda uku a jere a gonarsa, daidai ɓangaren Maiyama, an rufe su da sabon kwano fes. Abin da aka koya mana tun a aji na farko ya dawo mini: ƙarfe mai faɗi kusa da eriya yana mayar da sigina, ya lanƙwasa ta. Na tsaya da buta a hannu kamar an dasa ni, domin ni ne na zauna a zaurensa da ƙaramar Sallah na ce ya bar rufin ciyawa, zamani ya wuce nan.

Na same shi a gindin dalbejiya, na durƙusa na gaishe shi, na yi ta bayanin zango da sigina. Ya bar ni na gama tas.

"To, mi yah haɗa albasata da jirgin sama?" in ji shi. "Ba kai kac ce in sa kwano ba?"

"Ni ne, Kawu."

"Yanzu kuma kai ka cewa in cire?"

Sai na tashi na shiga rudu ɗaya, na cusa hannu cikin tulin albasar yadda mahaifina ya koya mini tun ina ƙarami. Ɗumi na ji, kuma wadda na zaro ta fara laushi a wuya. Na kawo masa ita a tafin hannu na ce, "Kawu, bar zancen jirgi. Kwanon ga dahwa ta shikai."

Ya latsa ta da babban yatsa, ya yi dariya har da tari. Ashe ya kwana biyu da lura. "Na ce bari in ga ranar da injiniya za shi tuna shi ɗan albasa na," ya ce.

Washegari ya kira gayya. Kafin la'asar an sauke kwanon, an mayar da kara da ciyawa, ni ma ina kan rumfa da rigar aiki ana ta yi mini tsiya. Ranar Alhamis jirgin awo ya zagayo ta Maiyama, ina riƙe da rediyon hannu. Ya wuce, ya sake dawowa. Can sai na ji muryar matuƙin yana gaya wa hasumiya cewa allura ta tsaya cak, babu ko gezau. Wallahi tsalle na yi na kurma ihu ni kaɗai, har awakin wani Bafulatani suka watse. Da yamma ogana ya kira, wannan karon da gaisuwa har da tambayar mutanen gida.

Takardata ta fito, albasar Kawu kuma ta kai kaka ba ta ruɓe ba. Tun daga nan duk tashar da aka tura ni, sai na zagaya ta da ƙafa na ga abin da maƙwabta suka gina kafin in taɓa ko da waya ɗaya. Har yau in jirgi ya gifta ta saman kasuwar albasa ta Aliero, Kawu yakan ɗaga sanda ya ce wa 'yan albasa shi ya gyara masa hanya. Ban taɓa musa masa ba.