Lakar da Yaya Hajo ta ƙi gasawa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayata Hajo, maginiyar tukwane. Ban taɓa rubutu a kanta ba sai bana.

Lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonakinmu a ƙasar Maradun, ɗana Sani yana kwance da amosanin jini. Mahaifiyarsa tana tare da shi a asibitin Mafara, ni kuma ina fafutukar abin da za a ci. 'Yarmu Balki, da ba ta wuce shekara bakwai ba, muka bar ta wurin Yaya. Tunda lafiyarta ƙalau, ba wanda ya waiwaye ta. Sannu a hankali ta daina magana.

Yaya ba ta matsa mata ba. Kullum in za ta fara gini sai ta gutsura mata laka, ta ci gaba da aikinta. Abu ɗaya Balki take ginawa: mace da goyo, ba hannuwa.

Ran nan na zo na gani, na ce a sa a wuta tare da tukwane, ko yarinya ta ji daɗi.

"Kai dai Mamman, ido gare ka ba gani," in ji Yaya. "Wagga ba ta wuta ba ce. In na gasa, haka za ta zauna."

Da marece su biyu suke jiƙa matar lakar ta narke, gobe a sake. Da matata ta zo ɗaukar kaya, Yaya ta zaunar da ita bakin laka, ta ce asibiti ba ya gudu. Bayan nan ne Balki ta yi wa matar hannu ɗaya, ta manna wata 'yar ƙaramar yarinya a jikin hannun. Wannan Yaya ta gasa.

Sani bai yi tsawon rai ba. Balki ta yi magana, yau har da jikoki.

Kwanan baya na je dubiya asibitin. Na ga yaran da 'yan bindiga suka koro daga Gidan Goga zaune a baranda, ƙannensu na kwance a ciki, su kuwa shiru. Na san irin shirun. Da Yaya tana nan, da ta nemo laka. Amma ramin da take haƙa, yau ba mai zuwa can ya tabbata zai dawo.

Matar mai hannu ɗaya tana ɗakin Balki. Allah Ya jiƙan Yaya. Na ce wa Balki ta nemo mana laka, ko ta gefen kwatar ruwa ce.