Ciwon Ƙafar da Na Kai Birnin Kebbi

Argungu

Muna idar da sallar asuba muka fita, ni da Hadiza matar ɗana na fari. Shi ya haɗa ni da ita, wai ta kai ni babban asibiti a duba mini ƙafa. Ƙafata kuwa lafiyarta ƙalau, wallahi ko tsere zan iya da ita. Tun da al'ada ta ɗauke mini nake fama da bushewa da zafi a gabana, ga fitsari kamar barkono. To wa zan faɗa wa? Ɗan fari da ko sunansa ba na kira? Duk wanda ya ga ina tafiya a karkace, sai in ce ƙafa ce.

Abin da ya fi ci mini rai maigidana Malam ne. Ciwo ya sa na daina zuwa turakarsa, na kuma kasa gaya masa dalili. Shi a zatonsa laifi ya yi mini, kullum yana neman gafara. Da ya rako mu tasha ya ce, “Allah shi kiyaye hanya. In na ɓata miki, ki yahe.” Na ji kamar in fashe da kuka.

Kan hanya

Mu huɗu aka cusa a bayan ƙaramar mota, buhun albasa na zungurin ƙeyata. Kowane rami sai na ciji leɓe. A shingen 'yan sanda kafin Ambursa na ce wa direba zan zagaya.

“Inna, yanzu hwa munka taso!”

“Kai ka riƙe naka, ɗana, ni nawa ba ya jin lallashi.”

Mota ta kwashe da dariya. Hadiza ta saya mana masa mai zafi a bakin titi, muka ci muna kallon fadamar shinkafa kore shar har muka shiga gari.

Birnin Kebbi

Hantsi ya ɗaga lokacin da napep ya sauke mu a ƙofar asibiti. Likitar mace ce, na ce alhamdu lillahi. Amma Hadiza ta biyo ni ciki ta zauna daf da ni, kamar yadda ake yi wa manya.

“Mama, me ke damunki?” in ji likita.

Kafin in buɗe baki Hadiza ta ce, “Ƙahwa ce, likita, ta dama.”

Aka lanƙwasa ƙafa, aka miƙe ta, ba komai. Ni kuwa kaina a ƙasa. In faɗi wannan magana a gaban surukata? Likita har ta ɗauki biro za ta rubuta man shafawa, na ga tafiyata za ta tashi a banza. Sai wata nas 'yar Filato, Sista Rifkatu, mai furfura irin tawa, ta kalle ni, ta kalli Hadiza.

“Amarya, je ki nemo wa Mama ruwan sanyi. Can bakin get, kada ki yi sauri.”

Ƙofa na rufuwa bakina ya buɗe. Na faɗi komai, har zaman ruwan bagaruwa da matsin alif da maƙwabciya ta koya mini.

“Kai, Mama! Su suka ƙara busar da ke,” in ji likita. Ta tambaya ko ina ganin jini bayan ɗaukewar al'ada, ko an taɓa samun ciwon daji a nonona. Na ce a'a. Ta duba ni, ta ce sinadarin mata ne da ake kira estirojin ya ragu, shi ya sa fatar wurin ta yi siriri. Ta nuna mini wata 'yar ƙwaya da abin tura ta: a saka ta gaba lokacin kwanciya, kullum har mako biyu, daga nan sau biyu a mako. In na ga jini in dawo maza.

“Ashe yana da magani?”

“Mata nawa ke amfani da shi! Ni ma ina ciki,” in ji Sista.

Hadiza ta dawo da ruwa ta tarar ina dariya. Yarinya mai hankali, ba ta tambayi komai ba.

Gida

La'asar sakaliya muka sauka Argungu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Hadiza da matan nan biyu. Magani kuwa ya karɓe ni, cikin 'yan makonni zafin ya kwanta.

Amma ban jira makonnin ba. A ranar, ko mayafi ban cire ba na wuce turakar Malam, na zauna a gabansa na zayyana masa komai da bakina. Ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya share ido da hannun riga.

“Wata da watanni ina neman laihina ban gane shi ba,” ya ce. “Ashe ciwo kike, ke kaɗai, ina nan kusa. Wannan ita ce gafarar da zan nema.”