Abdussalamu Mai Zane da Ƙwan Zabi

Wata Juma'a, ranar kasuwar Dogon Dutsi, na fito daga shagona na ɗinki ƙafa ta gaji da taka keke, na ga wani katako kan benci a ƙofar maƙwabcina Abdussalamu, na yi zamana a kai. Sai da na kai rumfar masu albasa na lura ƙudaje na bina kamar na ɗauko kayan ciki. Wata tsohuwa ta ce, "Tela, wani na kallona ta bayanka." Na jawo rigar na duba, ashe ɗanyen zane na zauna wa: ga ido ɗaya, ga rabin hanci, ga ƙarnin ƙwai. Rigar sallata ce fa.

Haka zama kusa da Abdussalamu yake, shekara tara ke nan.

Mutumin Dumega ne. Da can allunan shago yake zanawa da fentin gwangwani kamar kowa, kawunan aski da kwalbar lemo. Sai ya tafi cirani Libiya, ya shekara huɗu yana dafa wa wani tsoho ɗan Italiya abinci. Abokan tafiyarsa suka dawo da babura. Shi ya dawo da littafi mai hotuna wanda bai iya karanta ko kalma ɗaya a ciki ba, da kuma surutun da tsohon ya cika masa kai da shi.

Ya sha buɗe mini littafin, ba don na roƙa ba. Wai shekara ɗari bakwai da suka wuce masu zanen Italiya mutum suke yi a shimfiɗe, kamar an goge shi da dutsen guga, bayansa ruwan zinari, kuma wanda ya fi daraja shi ya fi kowa girma a allo. Daga baya wasu suka fara sa inuwa ƙarƙashin haɓa, suka dasa ƙafar mutum a ƙasa, na nesa ya ƙanƙance, mai kuka ka ga kuka yake. Na ce to, madalla, Allah ya ƙara musu basira. Matsalar ita ce abin da suke dama launin da shi, wato kwanduwar ƙwai.

Shi ma ƙwai, ƙwan zabi. Da damina ta faɗi matan ƙauye sun san ƙofarsa. Ya fasa, ya ware kwanduwar a tafin hannu, ya huda ta da ƙaya, ya dama da jar ƙasar gindin dutse ko garin gawayi. Farin ƙwan da ɓawon kuwa sai cikin kwatar da ta ratsa ƙofata. Abin da ya rage a kasko ba ya zubarwa, wai launin ya yi kyau. A zafin garin nan! Kafin la'asar numfashi ya gagara. Na taɓa ganin tsutsa na iyo cikin shuɗi, na kwana biyu ban ci ƙwai da burodi ba. Wata amarya ta dawo mini da ɗinkinta, wai angon ya tambaye ta ko a akurki aka ajiye shi.

Na ce masa, "Mutanen naka har yau da ƙwai suke yi?"

Ya ce, "A'a, daga baya sun koma mai."

"To ka bi su mana, don Allah!"

"Su sai da suka haura shekara ɗari kafin su koma. Ni tara gare ni. Yi haƙuri."

Bayan abin rigar nan haƙurin ya ƙare. Na kai ƙara wurin Hajiya Shatu, mai shagunan namu biyu, wadda kullum take zaune kan tabarma a bakin zaurenta da akuyarta. Ta aika masa: Juma'a mai zuwa, ko ƙwai ya bar shagon ko shi ya bar shi. Na san ba shi da wurin zuwa, domin tun da injin buga alluna ya shigo gari ba kowa ke nemansa ba. Na ɗan ji wani iri, amma iska ta kaɗo daga kwata, sai ya wuce.

Ranar Juma'a Hajiya ta taso da sandarta, gefen mayafi a hanci. Abdussalamu bai roƙe ta ba. Katako kawai ya jingina da bango. Layinmu ne ya zana a jiki, tun daga zaure har ya tsuke can bakin kasuwa. A gaba ga Hajiya kan tabarma, ƙafar hagun da ke damunta a miƙe, hannu ɗaya na matsa gwiwa, inuwar itacen bedi ta rufe mata rabin fuska, akuyarta na gefe.

Ta daɗe tana kallo. Ta saki mayafin. Ta ce, "Wagga ƙafa tawa ce. 'Ya'yana ma ba su san haka nike zama ba." Sannan ta matsa kusa, ta nuna can ƙarshen layi. "Wanga ɗan mitsitsi fa, mai ƙudaje a baya?"

Ni ne. Ban kai ƙwayar gero biyu ba, amma tabon rigar ya fito sarai.

Ta yi dariya har da tari. Ta yanke hukunci nan take: ɓawon ƙwai a riƙa kaiwa bayan gari, Abdussalamu na nan daram, wanda wari ya dama kuwa ya ja kekensa zuwa ƙuryar shago. Ta sa aka ɗauki katakon zuwa zaure, inda duk mai wucewa zai gani.

Na tsaya ni da shi, ƙudaje na kewaya mu. Na ce, "Yanzu Abdu, da girmana da furfurata, akuyar Hajiya ta fi ni girma a allonka?"

Yana goge kwanduwa a wandonsa, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Gata na yi maka, Ɗanmalam. Da na matso da kai kusa, dole in zana haƙoranka."