Gurasar da Mastura Ta Ƙi Saukewa

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Janairu, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Mastura Yoldosheva a unguwarmu ta marina, a nan Margilan. Shi Ya ba mu aronta, Shi Ya karɓi abinSa, mu ma can muka dosa. Likita ya rubuta ciwon huhu, ban kuma ƙaryata shi ba. Sai dai shi huhu ya duba. Ni kuwa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, na san lokacin da ciwon ya fara, kuma ba a huhu ya fara ba.

Mastura opa, wato yaya Mastura, haka nake kiranki tun ina yarinya, ba zan iya canzawa yau ba. Rabin yaran unguwar nan ke kika fara kwantar da su a gadon jariri, kika ɗaure su, kika yi musu addu'a a kunne. Wasunsu yanzu har da furfura. Su ne suka ɗauki makararki cikin ƙanƙara suna karɓeɓeniya, kowa yana son kafaɗarsa ta taɓa.

Ba zan manta ranar da aurena ya mutu na dawo gidan mahaifina ba, ba ɗa ba jika, sai akwatunan littattafai. Mata suna leƙe ta ƙofa, kowace da tambayar da ta ƙunso. Ke kika ture su kika shigo da kwanon miyar shinkafa mai tururi, kika dubi akwatunan kika ce, "Dilorom, duk wannan takarda ce? Ashe shi ya sa. Bawan Allah bai samu wurin ajiye takalminsa ba." Na yi dariya har na ƙware. Daga ranar har kika koma ga Allah ba ki taɓa tambayata abin da ya faru ba.

Da yamma in na taso daga ɗakin karatun gari inda nake aiki, nakan zauna kusa da ke ina karanta miki littafi, ke kuma kina ɗinkin hula. Ba ki yi makaranta mai zurfi ba, amma ban ga mai tsananin hukunci irinki ba. Sai ki tsayar da allura ki ce, "Wannan marubucin naki bai taɓa wanke tukunya ba, ji yadda matarsa ke magana." Sau da yawa ke ce da gaskiya.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar miki, Doniyor. Ya tafi Rasha aikin gini 'yarsa Gulhayo tana goye. Da safen tafiyar kika yi abin da kowace uwa take yi a nan: kika ciro gurasa daga tanderu, ya gatsa sau ɗaya, kika rataye sauran a ƙusa saman bango. Rabonsa ne, yana jiransa, dole ya dawo ya cinye. Shekarun farko kuɗi suna zuwa, waya tana zuwa. Daga baya kuɗin suka tsaya, sannan wayar ta mutu. Abokan tafiyarsa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ya ji ya koma wani gari can arewa, wancan ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Gulhayo ta yi wayo, ta shiga makaranta, ba ta san muryar ubanta ba. Gurasar ta bushe ta zama kamar katako, kina goge mata ƙura duk Juma'a.

Da idonki ya raunana allura ta gagare ki, gidan ya koma kan ɗan fanshonki da abin da surukarki Barno, matar Doniyor, take samowa a tsinkar auduga da kaka. Ni na matsa miki ki nemi tallafin da ake bai wa gidaje marasa ƙarfi masu yara, ni na rubuta takardar da hannuna. Da bazara muka kai. Aka ce ana dubawa. Aka ce a kawo shaidar ba ku da mota, a kawo shaidar ba ku da gona. Kafin ta gona ta fito, ta mota ta tsufa, sai an sake. Na yi shekaru ina karanta labaran azabar da ɗan Adam ya ƙirƙira wa ɗan'uwansa, ban ga mai tsabta irin wannan ba: ba duka, ba zagi, kowa yana ce miki "hola", wato goggo, cikin ladabi, yana miƙo miki kujera, yana cewa ki dawo mako mai zuwa.

Sai da aka gama tsinkar auduga mai duba gida ya zo, wani matashi mai fara'a da 'yar na'urarsa a hannu, mai unguwarmu, wanda muke ce wa Kodir aka, wato yaya Kodir, yana biye da shi. Ina wurin. Ya ƙirga ɗakuna, ya ƙirga kaji, ya tsaya gaban tsohon firijinku.

"Hola, wannan yana aiki?"

"Sosai ma, ɗana. Ɓeraye ba sa iya buɗe shi, a ciki nake ɓoye gari."

Ya yi dariya, muka yi. Sai ya ɗaga kai ya ga gurasar. Bai tambayi mece ce ba, babu ɗan ƙasar nan da bai sani ba. Cewa ya yi, "Wa ya yi tafiya, hola?"

Barno tana tsaye bakin ƙofa da butar shayi. Na ga ta buɗe baki, na ga ta rufe. Suruka ba ta shiga gaban uwar miji a gaban baƙi.

"Ɗana Doniyor. Yana Rasha, yana aikin gini."

"Lafiyarsa ƙalau dai?"

"Ƙalau, alhamdu lillahi."

"Yana aiko muku da wani abu?"

"Ɗana ne fa. Ya taɓa mance uwarsa?"

Na ce, "Opa, don Allah gaya masa yadda abin yake." Kika juyo kika ce, "Ke 'yar boko, sha shayinki, yana hucewa."

Ba ƙarya kika yi ba, ko da yake ba gaskiya ba ce. A nan ba a ambaton ɓata a kan matafiyi, balle a ƙarƙashin gurasarsa. Wannan matashin ya san haka. Da uwarsa aka tambaya, amsar da za ta bayar ke nan. Ya ga takalman Gulhayo, ya ga abin da ke cikin tukunya, amma abin da kunnensa ya ji shi ya danna. Da sanyi ya fara shigowa amsa ta zo: ba ku cancanta ba, gidan yana da namiji mai ƙarfi da ke samu a ƙasar waje.

Kodir aka, Allah Ya saka masa, ya yi ta zirga-zirga. Ya dawo ya ce hanya ɗaya ce: kotu ta tabbatar Doniyor ya ɓace, maƙwabta biyu su tsaya su shaida ba wanda ya ji ɗuriyarsa, sannan a cire shi daga lissafin gidan a sake dubawa. Ya ƙara da cewa, "In mai dubawa zai dawo, ki sauke gurasar nan, opa. Yini ɗaya tak, da yamma ki mayar."

Kika ce, "Kodir, kai ka taɓa cire hularka yini ɗaya? Duk unguwa ta san ba komai a ƙarƙashinta, amma ba ka cirewa."

Ya shafa ƙeya ya fita yana dariya. Ke ba dariya kike yi ba. Washegari kika ɗauki sanda kika bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, duk yaran nan da kika kwantar a gadon jariri, kika karɓi alkawarinsu cewa ba wanda zai tsaya shaida. Wa zai iya ce miki a'a? Gidana kika zo ƙarshe, don kin san a nan gardamar take.

Na ce, "Opa, takarda ce kawai. Takarda ba ta kashe mutum."

Kika ce, "Ke da kika ƙare rayuwarki cikin takarda kike faɗin haka? Ranar da baki biyu suka faɗa gaban alƙali cewa ya ɓace, ranar zai ɓace. Yanzu dai jinkiri ya yi. Ki yi mini alkawari, ina raye ko ba na raye."

Na yi miki, kamar kowa.

A zaman makoki na ji wasu mata suna raɗa, wai taurin kanki ne ya kai ki. Ina so su karanta wannan. Masu ofishin nan suna da na'urar da suke alfahari ta san komai, ita suke jingina wa duk wani hani, "ba mu ba ne, hola, na'ura ce ta ƙi." Ba su tambayi na'urar ko som ɗaya, kuɗin ƙasarmu, ya shigo gidan nan cikin shekarun nan ba. Sun ƙi yarda da tukunya, sun ƙi yarda da mai unguwa, sun yarda da kawaicin uwa, don shi kaɗai ne a cikin shaidun bai buƙaci su biya komai ba. Sannan suka sa wa gawayin hunturu farashi: uwa ta binne ɗanta a takarda. Wanda ya tsara wannan ko dai ba uwa ce ta haife shi ba, ko kuwa ya san iyaye mata sarai, ya san ba za su iya ba, ya lissafa da hakan. Na kasa yanke wanne ya fi muni.

Hunturu ya zo da ƙarfi, iskar gas ta ragu har ba ta tafasa buta. Kuka koma ɗaki ɗaya ku uku, kuna zagaye da teburin da ake sa garwashi a ƙarƙashinsa a lulluɓe da bargo. Kullum na shigo yarinyar ce a wurin ɗumi, ke kina gefen ƙofa, wai zafi yana sa miki ciwon kai. In na kawo gawayi sai ki aiko Gulhayo da ƙwai, don kada a ce sadaka ce. Cikin Disamba kika je ofishin da kanki ba ki gaya wa kowa ba. Kin samo wata magana da kike ganin za ta wadatar da su ba tare da ta taɓa ɗanki ba: yana nan da ransa, aikowa ce bai samu dama ba. Kika tsaya a layi a waje tun safe. Da aka zo kanki aka ce wannan ba ya cikin abin da ake iya dannawa, kuma ki dawo bayan hutun sabuwar shekara. Da tari kika dawo.

Tarin nan na saurare shi ta bango har ya zama kamar agogona. Da aka binne ki na ɗauka zai tsaya. Bai tsaya ba. Da asuba in na tashi alwala sai in ji shi, a daidai wurin da kike kwanciya, busasshe, sau biyu a jere sannan shiru. Ban gaya wa kowa ba. Ni ce macen da ke yi wa mutane dariya in sun ce sun ga fatalwa, ga ni tsaye da buta a hannu ina karanta duk abin da ya zo bakina. Har na fara sabawa, har na fara jiransa, ina cewa ko ba komai ba ki yi nisa ba. Sai ran nan na yi ƙarfin hali na kara kunnena a bangon. Ba ke ba ce, opa. Gulhayo ce.

Bayan addu'ar uku Barno ta je ofishin. Suka yi mata ta'aziyya cikin ladabi, suka ce neman da sunanki yake, ya rufe da rasuwarki. Ta fara sabo, da sababbin shaidun mota da gona, kuma muddin namijin nan yana cikin lissafi amsar ba za ta canza ba. Daga can gidana ta zo. Shekarun nan duka ban taɓa jin ta haɗa magana uku a jere ba. Ta ƙi zama.

"Dilorom opa, Kodir aka ya yarda zai tsaya. Saura mutum ɗaya. Na bi gidaje, kowa ya ce ya yi wa Inna alkawari."

Na ce, "Ni ma na yi mata, Barno."

Ta ce, "Ni ma na yi. Ni kuma mijina ne."

Don haka, Mastura opa, gara ki ji daga bakina. Ranar Litinin zan bi Barno kotu. Ba zan ce ya mutu ba, don ban sani ba. Zan faɗi abin da na sani: shekaru ke nan ba murya, ba saƙo, ba wanda ya gan shi. Gulhayo ta dawo ɗakina da kwana, likita ya ba ta magani, amma albashin mai tsaron littattafai ba zai riƙe gida biyu ba, kuma ban san tsawon lokacin da kotu za ta ɗauka ba, balle ofishin bayan kotu. Mai yiwuwa in karya alkawarinki kuma kuɗin su zo bayan ƙanƙara ta narke. Duk da haka zan je. Na san abin da za ki ce mini, ina jin sa da muryarki tun ranar da na amsa wa Barno. Ki ajiye shi sai mun haɗu.

Ya Allah Ka gafarta wa baiwarKa Mastura, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka shigar da ita inda ba sanyi, ba layi, ba a tambayar kowa shaidar rashi. Ka sanar da ita labarin ɗanta, wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka sanyaya mata zuciya da shi ko wane iri ne. Ka ba Gulhayo lafiya, Ka raya ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Barno da Gulhayo, da ƙanen marigayiya, Ergash aka na garin Rishton, da iyalinsa, da dukan mutanen unguwar marina. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Kai kuma Doniyor, ina yi maka ta'aziyyar mahaifiyarka. Ta rasu ba ta yarda ko sau ɗaya an ambace ka da ɓata ba. In kana raye, in wannan ya iske ka a hannun wani ɗan garinmu, ka taso ka shigo kotun ka ƙaryata ni a gaban alƙali, ina roƙonka. In kuwa ka riga ta, to Allah Ya jiƙanku tare, Ya yafe mana mu da muka rage.

Dilorom Eshonkulova
Margilan