Baki Suka Ce, Ba Yatsa Ba

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da riƙe babbar waya ba, ƙaramar hukumarmu ta sa sanarwa a shafinta na sada zumunta cewa za a haƙa mana rijiyar burtsatse a unguwarmu da ke Gafasa. A ƙarshe aka ce kowa ya tofa albarkacin bakinsa kan inda ya dace a yi ta.

Mu 'yan majalisar ƙofar masallaci ba mu yi sanya ba. Ni da abokina muka bi masu waya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta a yi ta a ƙofar masallaci. Ga alwala, ga inuwa, ga mu. Har na fara jin kaina wani ɗan gwagwarmaya.

Na shiga gida ina hura hanci, na karanta wa mahaifiyata sanarwar tana ɓarar gyaɗa. Ta ce in maimaita layin ƙarshe, na maimaita.

"To ai baki suka ce, ba yatsa ba," in ji ta. "Mu da ba mu iya latse-latse ba, namu bakin ba shi da albarka ne?"

Na yi dariya, na ce ai salon magana ne kawai. Ba ta kula ni ba. Sai ta tambaye ni wace matar aure ce za ta ratsa majalisar maza da bokiti a ka da rana tsaka. In an haƙa a ƙofar masallaci, su dai tsohuwar rijiyar bayan gari za su ci gaba da zuwa, wadda ke ƙafewa da bazara. Kullum ina shan ruwan randarta, ban taɓa tunanin daga ina yake zuwa ba. Kunya ta rufe ni.

Washegari ta tara matan maƙwabta a tsakar gida. Ina daga bakin zaure, kowacce na faɗin wurin da take so a haƙa, har da mahaifiyata, ina rubutawa a shafin. Wata ta ce ba ta yarda da wurin da mahaifiyata ta zaɓa ba, don kwari ne, ruwa na kwanciya da damina. Na so in tsallake wannan, mahaifiyata ta ce in rubuta, ita ma bakinta ne.

Ban zaci za a karanta ba. Bayan kwanaki sai ga ma'aikata biyu daga hedikwatar ƙaramar hukuma a Ajingi, namiji ya zauna da maza, macen ta shiga wurin mata. Aka yi ta ja-in-ja har la'asar, sannan aka tsaya a kan filin bayan Islamiyya, wurin da babu wanda ya ambata da farko. Abokina ya yi sati yana kirana wakilin mata.

Har yau ina yi wa wanda ya zauna ya karanta dogayen rubuce-rubucen nan nawa masu cike da kurakurai addu'a, ko sunansa ban sani ba. Mahaifiyata ta manyanta yanzu, ta daina ɗaukar ruwa. Amma duk ranar da na kawo mata na famfon, takan kurɓa ta dube ni ta ce, "Wannan na bakinmu ne."