Ranar da Yaya Sale ya fasa dokin ƙofa

Ina shiga gidan Yaya Sale a Bunkure na tarar da shi riƙe da diga, yana farfasa dokin ƙofar ɗakinsa, wanda ko wata bai yi da shafe shi da siminti ba. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa ƙauye.

Na ce, "Yaya, lafiyarka kuwa? Gida a bakin kanal ɗin noman rani, ga damina ta kawo kai? Ruwa har kan gado zai same ku!"

Sai ya ja ni ciki. Ɗansa Habu na kwance, gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya. Tuntuɓe kawai ya yi da dokin ƙofar, ko ƙwarzanewa bai yi ba.

Yaya ya ce, "Likita ya ce himofiliya ce, jininsa ba ya daskarewa. A ciki yake zuba. In ruwa ya shigo, ma kwashe da kwano. Wannan fa, da me zan kwashe?"

Innalillahi! Na karɓi digar na ƙarasa masa.

Jama'a, a gidanku me kuke tsallakewa kullum ba ku taɓa kallonsa ba?