Malam A-bar-ni-haka

Ke, kin taɓa ganin mutumin da aka ce za a ƙara masa albashi ya zauna a ƙasa yana kuka? Ba kukan murna ba fa, kuka har da majina. To ni na gani, a ɗakina, gaban keken ɗinkin nan da kike ta tambayata me ya sa nake kwana da shi a ƙarƙashin gado.

Kawunki Dogo nake nufi, ɗan yayata. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi. Tun yana ƙarami yake jera takalman baƙi a bakin ƙofa yana koya musu ƙidaya. Har silifas ɗina ya taɓa zanewa wai bai yi aikin gida ba. Da ya girma ya ce shi jami'a zai je, ya yi digirin koyarwa. Na ce, "Da wane kuɗin?" Ya ce akwai ofishin da ke ba da bashin karatu, abu ɗaya suke so, wanda zai tsaya masa.

Muka je. Wani akawu mai tabarau ya ce, "Mama, me kika mallaka?" Na ce keken ɗinki. Ya rubuta. Ya ce, "Kin iya sa hannu?" Na ce hannu dai ga shi. Ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada ya danna a takarda, wuri bakwai. Kwana uku ina ɗinka wa mutane kaya da shuɗin tambari a wuya.

Shekara huɗu ya gama. Ya sa wata rigar haya da hula kamar tire, aka yi mana hoto. Ya samu aiki a makarantar da ke bayan tankin ruwa. Ranar da ya kawo min albashin farko a ambulan, na buɗe, na juye, na girgiza, na ce, "Dogo, wa ya aike ka, ka kawo masa canji?" Ya ce, "Inna, shi ke nan duka." Mai facin da ke bakin titinmu, wanda suka yi aji ɗaya ya gudu tun ana koyon lissafin rabawa, shi yake sa wa kekensa na hawa iska kyauta don tausayi. Akwai ma wani da jami'ar ke turowa duk shekara da takarda, wai yana rubuta nawa ɗalibansu ke samu. Shekarar farko ya zauna ya rubuta. Daga baya ko sauka daga babur ba ya yi, sai ya ɗaga murya, "Kamar bara?" Dogo ya ce, "Kamar bara." Ya wuce.

To ga inda tsiyar take. Ashe a cikin takardar nan da na danna akwai wani layi. In albashinka bai kai layin ba, ba za a cire maka ko kwabo ba, kuma in ka yi shekara ashirin da biyar kana koyarwa a haka, an yafe bashin. Amma in ka haura layin ko da kuɗin burodi ne, sai su fara yankar kashi ɗaya cikin uku, har da na baya. In bai isa ba, su zo kan wanda ya tsaya maka. Wato ni. Wato keke. Shi kuwa Dogo albashinsa na nan ƙasan layin kaɗan, kamar dogon mutum a ɗaki mai gajeriyar ƙofa. Ya ɗan miƙe, ya fasa kai.

Matsalar, yaron nan ya iya koyarwa. Ko dutse ka ajiye a ajinsa sai ya ci jarrabawa. Shekara ta uku hedimasta ya kira shi yana washe baki, ya ce an sa sunansa a ƙarin girma. Ranar ce ya yi kukan da na faɗa miki. Washegari ya koma ya ce, "Ranka ya daɗe, don girman Allah a bar ni haka." Sunan da ya bi shi ke nan, Malam A-bar-ni-haka.

Roƙo bai isa ba, sai ya shiga neman laifi. Ya fara da makara. Amma jikinsa ya saba, kafin a buga ƙararrawa yana can, sai ya laɓe bayan tanki yana jiran lokaci ya wuce. Yara suka gano shi suka kewaye shi da littattafai. Shi kuma ba ya iya ganin lissafi ba daidai ba ya yi shiru. Sufeton makarantu ya zo ya tarar da aji guda a gindin tanki suna auna inuwa. Ya rubuta, malami mai himma, a ƙara masa. Da ƙyar aka kashe maganar.

Sai ya ce barci zai riƙa yi a aji. Ya zo nan, wato can gidana, wai in koya masa minshari, tunda a cewarsa ni gwana ce. Mara kunya. Mako guda muna gwaji, matarsa na leƙowa tana cewa, "Inna, ki ƙara masa, wannan kamar kyanwa." Ya je ya kifa kai a tebur. Yaran suka ce Malam ya gaji, kada a tashe shi, suka riƙa koya wa juna a hankali, mai ganewa yana jan marar ganewa. Shekarar babu wanda ya faɗi. Sufeto ya ce sabuwar dabara ce. Wallahi, har malamai aka riƙa kawowa a mota daga wasu makarantu, su zauna a baya da littafi suna kallon Dogo yana barci.

Ya rubuta takardar ƙara a kan kansa, wai shi malalaci ne, azzalumi, ya sa na danna yatsa a matsayin uwar ɗalibi. Amsa ta zo cewa ba su taɓa samun wasiƙa mai tsari irin wannan ba, ko Mama za ta faɗa musu malamin da ya koyar da ita su karrama shi?

Sau ɗaya ya dace. Rajistar aji ta faɗa masa a kwata, aka yanke masa rabin albashin wata. Ranar har lemo ya saya mana, muka sha da rabin da ya rage.

Haka muka lallaɓa har saura wata huɗu a cika ashirin da biyar, kansa ya yi fari kamar allinsa. Sai malamai kaf suka tafi yajin aiki wai a ƙara albashi. Suna tafiya a titi da kwalaye suna ihu, shi kaɗai yana ɗaya gefen da nasa kwalin, an rubuta, ya isa haka. Suka bi shi da gudu har shagon mai faci, aka ɓoye shi cikin tayoyi. Kuma suka yi nasara, aka ce a ƙara wa kowa. Na dubi keke, keke ya dube ni. Na fara shafa masa mai, na ce in za a ɗauke ka, ka tafi da mutuncinka.

Dogo ya bi sawun takardar ƙarin har teburin da take kwance. Ya sayi biskit ya kai wa akawun wurin, ya ce don Allah kada ya yi gaggawa. Akawun ya riƙe baki ya ce, "Malam, shekara talatin ina nan, ba a taɓa roƙona abin da na iya ba sai yau. Ɗauki biskit ɗinka." Takardar ta yi wata tara ba ta motsa ba.

Ranar da wasiƙar yafe bashi ta zo, na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi. Dogo ya goge takalmi, ya tafi wurin sabon hedimasta, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya ce yanzu a kawo masa duk ƙarin girman da ya ƙi, yana jira. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai doka ta canja. Yanzu ba a ƙara wa kowa girma sai mai digiri na biyu."

Da yamma na ga Dogo ya shigo yana murmushi, da wata takarda mai kauri a hammata, irin wadda na danna a ofishin bashin karatu. Ya tambayi lafiyar ƙafata, ya tambayi lafiyar bayana, amma idonsa na kan hannuna. Na tura hannun cikin ruwan wanki ban fito da shi ba har ya tafi. Gari na wayewa na ɗaure keke, mai faci ya kai ni tasha. Shi ya sa kika gan ni a gidanku wata biyar, ba ciwon ƙafa ba ne kamar yadda na gaya wa uwarki.

Ranar nan a tasha, mota ta fara tafiya ke nan sai na hango shi ta taga, tsoho da furfura, yana taka keke kamar zai tashi sama, takarda a baki. Ya cire ta, ya jero da tagata yana haki, ya ce:

"Inna, ba sai kin sauko ba! Miƙo yatsan ta taga kawai, ga tawadar na zo da ita!"